Jarkar da Na Sayo wa Baba a Guangzhou

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga garinmu da ke gefen Kura, ni da maƙwabcin shagona wanda muka saba zuwa sarin takalma tare. A gidanmu ya kwana don ya raka ni sallama, tunda jirginmu sai da rana zai tashi daga Kano. Baba ya rako mu har bakin mota yana tari, hannu ɗaya dafe da ƙirji, ɗayan yana kora mu, wai mu yi sauri kada mu bar mutane zaune a jirgi suna jiranmu. Shi a wajensa jirgi ma motar tasha ce, sai ta cika take tashi.

Bari in gaya muku inda tarin nan ya samo asali, don shi ya mayar da tafiyar sarin takalma ta koma ta neman jarka. Baba manomin rani ne, yana da lambun tumatir da injin ban-ruwa. Hannuwansa sun fara rawa, ba ya iya ɗaga babbar jarkar nan ruwan ɗorawa ya tsiyaya a mazurari ba tare da ya yi wa injin wanka da fetur ba. Sai ya koma dabarar da kowa ya sani: ya ɗora jarkar a kan kunya, ya zura tiyo, ya tsotsa da baki har man ya taho. Rannan yana tsotsa tari ya sarƙe shi, fetur ya wuce ƙirji. Ya sha jinya a asibiti, likita kuma ya ce in aka kuma, shi kam ba ya ba da tabbas.

Yayanmu, babban ɗa a gidan, ya yanke hukunci: a sayar da injin, a ba wani aron lambun, Baba ya zauna a gida ya huta. Ni kuwa na ƙeƙashe ƙasa na ce ban yarda ba. Na san Baba. Ranar da aka raba shi da lambun nan, ranar zai fara tsufa da gaske. Na roƙi Yaya ya dakata har in dawo, na ce zan zo da ƙaramar jarka mai dogon baki, wadda Baba zai ɗaga da kansa ya zuba, ba tiyo ba mazurari. Na duba a Sabon Gari, duk waɗanda na gani ko murfi na yoyo ko robar ta yi laushi. Yaya ya ce ya ji, amma in tawa ba ta yi ba, tasa maganar ce za ta tsaya.

Hanyar Kano lafiya lau, sai manyan motocin tumatir da muka yi ta ratsewa, kwanduna har sun fi kan motar tsawo. Jirgi ya tashi, muka yada zango a Addis Ababa, inda na sayi shayi kofi ɗaya da kuɗin da zai ciyar da ni yini guda a kasuwar Wambai. Daga nan sai doguwar tafiyar da ke sa mutum ya manta yana da gwiwa. Abokin tafiyata ya yi barcinsa har da minshari, ni kuwa ina ta zana jarkar a zuciyata, ja ce ko kore, bakinta a miƙe ne ko a lanƙwashe.

Muna fita daga filin jirgin Baiyun na Guangzhou zafin garin ya tare mu. Ba irin namu ba ne mai ƙona fata, wannan kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo ne. Muka sauka a masaukinmu na kullum a Xiaobei, unguwar da in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Fagge kake. Ga ɗan Kano yana faɗa da ejan ɗinsa mai tura masa kaya a waya kan kwantena, ga 'yan Nijar suna haɗa Hausa da Faransanci, ga mutanen Kumasi da tasu Hausar mai santsi. Muka ci taliyar hannu da naman sa a wajen Musulmin ƙasar masu farar hula. Na nemi ruwan sanyi, aka kawo mini ruwan zafi a kofi, kamar yadda ake yi mini duk zuwa, ni kuma duk zuwa sai na yi mamaki.

Sarin takalma a titin Zhanxi Lu bai ɗauke ni lokaci ba. Na san benayen, na san shagunan, na san wanda zai ce ya rantse da kakansa bai ci riba ba. Amma akwai abin da ya kamata wanda bai taɓa zuwa ba ya sani, don a kansa komai ya rikice mini daga baya. A garin nan, kafin mai shago ya gaya maka farashi, sai ya tambaye ka wace kasuwa za ka kai kayan. Takalmi ɗaya ne a ido, amma akwai na Turai, akwai na Larabawa, akwai na Afirka. Na Afirka shi ne wanda gam ɗinsa ke saki in ya ji rana. Mu da kanmu muka koya musu haka, don mu ne masu cewa a rage, a ƙara ragewa. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana zuwa ya san in abu na gidanka ne, ba na shago ba, to ka ce na Turai ko na Amurka kake so, kuma kada ka saurari duk abin da za su ce maka.

Da na fara neman jarka ne na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba duk zuwan da nake yi. Garin nan babu ƙarar janareta. Baburan da ke wuce ka ma na lantarki ne, sai dai ka ji iskarsu a gefen riga. Ba mai tafiya da galan a hannu, ba ɗan bumburutu a bakin titi. An ce mini ko gidan mai ka je da jarka ba za a zuba maka ba sai da takardar izini. To ina mutum zai sami jarkar fetur a garin da ba a ɗaukar fetur? Na nuna hoto a waya a shago ya fi a ƙirga. Wani ya kawo mini bokiti, wata ta kawo filas ɗin shayi, wani kuma ya ja ni har lungu ya nuna mini man gyaɗa. Sauran duk amsa ɗaya ce, "Meyo," wato babu. Har na fara jin kalmar nan a cikin kunnena ko ba kowa a kusa.

Ranar Juma'a muka tafi Masallacin Huaisheng. Duk lokacin da na ga tsohuwar hasumiyar nan tsaye a tsakiyar dogayen gine-gine sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Bayan an sallame ana ta gaisawa a harabar, na haɗu da wani Alhaji ɗan Maradi mai sarin kayan mota, dattijo mai fara'a, sanye da farar shadda da ta sha guga. Na ba shi labarin Baba da wahalar da nake sha.

"Bido na esansi kake nema?" ya ce, wato jarkar fetur a Hausarsu. "Kai Bakano, ka zo garin da ake ƙera jirgin ƙasa kana yawon neman bido! Taho mu je."

Ya sa mu a jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito a wata kasuwar kayan mota da ban taɓa shiga ba. Can ciki, bayan masu fitilu da masu tayoyi, ga wani shago cike da jarkoki har rufi, jajaye da korra, na roba da na ƙarfe. Wallahi sai da na ji kamar in rungume mai shagon. Lawban ɗin, haka ake kiran mai shago a can, wani gajere ne mai silifas, yana zaune gaban tiren shayi. Ya zuba mana a 'yan kofunan nan da ba su fi murfin kwalba ba, sannan ya yi tambayar da na san zai yi. Wace kasuwa?

Na ce Amurka.

Ya dube ni, ya dubi hulata, ya dubi Alhaji. Ya tashi ya ɗauko wata ƙaramar jar jarka mai dogon baki na roba mai lanƙwasuwa, da ɗan hujin iska a bayanta. Ya ɗaga babban yatsa ya ce, "Afirika, gud." Nan take raina ya ɓaci. Wato ni da na ƙetare teku saboda mahaifina za a miƙo wa na Afirka? Na tura masa abinsa, na ce Amurka na ce. Ya sake turo mini. Na sake turawa. Abokin tafiyata yana ta taya ni, yana cewa haka suke, kada in yarda. A ƙarshe lawban ya ɗaga kafaɗa, ya hau tsani ya sauko da wata.

Jama'a, jarkar nan kyakkyawa ce. Robarta mai kauri, jikinta duk rubutun Turanci da hotunan gargaɗi. Amma bakinta, ban san me zan kira shi ba. Akwai baƙin zobe a gindinsa, akwai wani koren maɓalli a sama, akwai sifirin a ciki, akwai kuma ɗan ƙugiya kusa da ƙarshensa. Lawban ya cika ta da ruwa a famfon bayan shago, ya ajiye bokiti, ya yi mini nuni in zuba.

Na karkata ta. Ko ɗigo. Na danna maɓallin, ya ƙi dannuwa. Na murɗa zoben, ya koma inda yake da kansa. Na girgiza ta, na ji ruwan yana yi mini dariya a ciki. Abokin tafiyata ya karɓa, ya juya ta ƙasa a sama, shi ma shiru. Alhaji ya naɗe hannun riga ya ce mu ba shi wuri, shi da ya yi shekaru yana harkar mota. Ya murɗa, ya danna, ya matse ta a ƙirji ya tura da ƙarfi. Ruwan kuwa ya fito, amma ba ta baki ba, ta gindin zoben, ya wanke masa gaban farar shaddar nan tun daga wuya har gwiwa.

"La ilaha illallahu," ya ce, yana kallon rigarsa. "Wannan bido ne ko jarrabawa?"

Lawban ya karɓa ya nuna mana. Ashe abu uku ake yi a tare. Ka murɗa zoben ka riƙe, ka danna maɓallin da babban yatsa kada ka saki, sannan ka maƙala ƙugiyar a leɓen tankin ka danna jarkar gaba ɗaya ƙasa har sifirin ya buɗe. Ya yi, ruwan ya fara fitowa yana shaƙuwa, ɓul, ɓul, ɓul. Da ya ɗaga sai ragowar ta zubo masa a silifas. Bai ko kalli ƙafarsa ba, da alama ya saba.

Na tambaye shi ta manhajar fassara a waya me ya sa aka yi ta haka. Ya yi doguwar magana, wayar ta mayar mini da ita guntu-guntu. Doka ce a Amurka. Don kada yara su buɗe. Don kada tururin mai ya fita. Don kada wuta ta bi baki ta shiga ciki. In ta faɗi, ba ta zubewa. Ina jin maganar tururi sai ƙirjin Baba ya faɗo mini, da yadda ko warin fetur yanzu ke tayar masa da tari. Na ce a raina, ka ji abin da suke so su hana ni.

Ina cikin wannan murnar idona ya kai kan wasu kwalaye da aka jera a bakin ƙofa, an ɗaure su za a kai kago, wato wajen masu tura kaya ƙasashen waje. Ɗaya a buɗe yake, cike da bakin jarka irin na farkon nan, mai sauƙi, wanda na ƙi. Ba jarkokin, bakunan kawai, kowanne a ledarsa. Na tambayi ina za su.

Lawban ya ce, "Amurka."

Na ɗauka wayar ce ta rikice, na sake tambaya. Amurka dai. Ya bayyana cewa mutanen can suna sayen jarka mai tsaro don ita ake sayarwa, in sun je gida su kwance bakin su jefar, su ɗaura wannan. A jikin ledar an rubuta wai na zuba ruwa ne kawai. Kaina ya ɗaure tamau. Wato mutum ɗaya ke sayar musu da makullin, shi ne kuma ke sayar musu da abin cire makullin? Su da suka yi dokar ba sa so, su da suka ƙera ba sa amfani da ita, to wa aka yi wa? Kuma in mai sauƙin nan shi ne na Afirka, me yake yi a kwalin Amurka? Na dubi Alhaji ko zai warware mini, shi kuwa yana can yana matse shaddarsa.

"Ɗana, ɗauki duka biyun ka huta," ya ce. "Tsoho ya zaɓa da kansa."

Lawban ma ya zaro ɗaya daga kwalin ya ɗora a kan jarkata, ya nuna kyauta ne. Har yau ban sani ba ko shawara yake ba ni ko kuwa kayan ne suka yi masa yawa. Na tsaya ina juya abin a hannu. Na san halin Baba, in ya ga mai sauƙi, ranar zai cire mai tsaron ya ba kaji su yi wasa da shi. Yaya kuma zai ce to me ya bambanta wannan da mazurari. Na mayar wa lawban kyautarsa, na ce shiye-shiye, wato na gode, na rungumi jarkata muka fito.

Sauran kwanakin, in mun dawo daga kai kaya wajen masu kago, sai in shige banɗakin masauki in cika ta da ruwa in yi ta gwaji. Murɗa, danna, tura. Abokin tafiyata ya ce ko lokacin da nake neman aure bai ga na dage haka ba. Na jiƙa wando, na jiƙa tabarmar ƙofa, babban yatsana ya yi ja, amma kafin mu taso na ƙware. Ina iya cika kofin shayi da ita ba ɗigo a ƙasa. Ban yarda na haɗa ta da takalma a kago ba, a akwatina na sa ta, na kewaye ta da kaya. A Baiyun ma'aikaci ya sa na buɗe, ya shinshina ta, ya ga sabuwa ce fil, ya murɗa zoben sau ɗaya ya ga ba ruwansa, ya mayar mini.

Na sauka Kano, ban ko leƙa shago ba na wuce gida. Bayan la'asar aka fito da injin tsakar gida, don tun rashin lafiyar Baba a zaure yake ajiye. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, Yaya yana tsaye ya harɗe hannu. Na sa aka sayo fetur aka zuba rabi, don kada ta yi nauyi. Na yi musu bayani kamar ni na ƙera ta, na murɗa, na danna, na tura, man ya shiga tanki ba ɗigo, ba wari. Inna ta ce ikon Allah. Yaya ma sai da ya gyaɗa kai.

Baba ya yi bismilla ya karɓa. Ya murɗa zoben, kafin ya kai yatsa kan maɓallin zoben ya koma. Ya sake. A karo na gaba ya riƙe zoben, ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin ya danna. Ina kallon farcensa ya yi fari, hannun yana rawa har jarkar na bugun tankin, maɓallin ko motsi bai yi ba. Ya canza hannu. Ya zauna a kan turmi ya matse ta tsakanin gwiwoyi ya haɗa yatsu biyu, ya dannu, amma sai ba hannun da zai ɗaga ta. Na matsa zan taimaka, ya ɗaga mini kai alamar in tsaya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Can ya ajiye ta a gabansa, ya daɗe yana kallonta.

"Me ya sa suka yi ta da tauri haka?" ya tambaye ni.

Da na san abin da zai biyo baya da na yi ƙarya. Na ce, "Don kada yara su buɗe ne, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, ai ta yi aikinta."

Na rikice, na ce akwai wani bakin mai sauƙi, na baro shi a can, yanzu zan yi wa Alhajin Maradi waya ya saƙo shi a kago, ba zai daɗe ba. Na ce ko a kwance wannan a yi wata dabara. Baba ya ce in bar shi, na sha hanya, in je in ci abinci, Allah ya yi mini albarka. Sannan ya juya wajen Yaya ya ce ya nemi mai sayen injin. Yaya da ya ci gardama ya sunkuyar da kai ya fita zaure.

Masu tambayata a saƙo me na koyo a wannan tafiyar, gaskiya har yanzu kaina a ɗaure yake. Ban san ko masu dokar ne suka yi daidai ba, ko masu kwance bakin, ko lawban mai silifas. Jarkar ba ta yoyo, ba ta wari, wuta ba ta shigarta, duk abin da aka ce tana yi tana yi. Abin da na sani shi ne na je da amsata a aljihu tun kafin a yi mini tambayar, aka miƙo mini abin da nake nema har sau uku ina turewa don an kira shi na Afirka. Takalman sun iso, suna tafiya a kasuwa, alhamdu lillahi. Baba kuma tarin ya yi sauƙi. Yanzu da safe a ƙofar gida yake zama, masu tafiya lambu suna wucewa suna gaishe shi, yana tambayarsu ya ruwa.